Gidan Mastroberardino da inabin da aka kusa mantawa

Shekara ɗari da suka wuce, in an gama aikin kaka a lardin Avellino da ke kudancin Italiya, 'yar tashar jirgin ƙasa ta ƙauyen Taurasi takan cika babu masaka tsinke. Amalanke ne ke gangarowa daga kan tuddai ɗauke da gangunan katako, a loda su a tarago, jirgi ya ja su ya yi arewa, wasu har Faransa. Layin dogon ya tashi daga Avellino ya ratsa duwatsu zuwa Rocchetta Sant'Antonio, an kammala shi a 1895, kuma saboda yawan abin da yake ɗauka mutanen yankin suka riƙa ce masa jirgin giyar inabi. Kuɗi na shigowa, gonaki cike da ma'aikata. Sai dai da zarar gangunan sun isa inda za su, akan juye su cikin giyar wasu wurare don ta yi kauri da launi, a sayar da ita da sunan can. Mai saye a Faransa bai taɓa jin sunan Taurasi ba, balle sunan inabin da aka matse.

Galibin masu karanta wannan, har da ni, ba ma shan giya. Addininmu ya haramta ta, kuma ba tallarta na zo yi ba. Labarin iri na zo bayarwa: yadda wani yanki ya kusa rasa inabin da ya gada kaka da kakanni, da yadda gida ɗaya, gidan Mastroberardino na garin Atripalda, ya tsaya kai da fata har irin ya tsira, sunan yankin ya tsira tare da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gane nauyin abin.

Sunan yankin Irpinia. Daga Napoli tafiyar kilomita hamsin ce ko ɗan fiye da haka zuwa gabas, amma yanayinsa dabam yake da na bakin teku. Ƙasar tuddai ce da kwazazzabai, gonakin inabi da yawa suna kan tsayin mita 400 zuwa 600, wasu ma sun fi. Da hunturu dusar ƙanƙara na sauka, ruwan sama yana da yawa, da bazara kuma rana ta yi zafi dare ya yi sanyi. Koguna biyu ne ke ratsa gonakin, Sabato da Calore. Ƙasar yumɓu ce gauraye da tokar da dutsen Vesuvius mai aman wuta ya daɗe yana watsowa. A ƙauyen Tufo kuma, a 1866, wani mutum mai suna Francesco Di Marzo ya gano farar wuta a ƙarƙashin ƙasa, aka kwashe fiye da shekara ɗari ana haƙar ta. Ita ce manoma ke barbaɗa wa ganyen inabi maganin fumfuna.

A wannan ƙasa iri uku suka zauna da gindinsu. Na farko Aglianico, baƙin inabi mai kaurin fata. Ba ya gaggawar nuna. Sai ƙarshen Oktoba, wani lokaci har cikin Nuwamba, ake yanke shi, lokacin da sauran Italiya ta daɗe da gama kaka. Manomin Aglianico kullum idonsa na sama, don ruwan ƙarshen shekara na iya ruɓar da wahalar wata goma a mako guda. Na biyu Fiano, farin inabi mai ƙananan 'ya'ya, ruwansa kaɗan, amfaninsa kaɗan, amma da ƙamshin da ba a samu a wani iri. Na uku Greco, wanda ya fi son ƙasar Tufo da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Nononsa a cure yake, fatarsa ba ta da ƙarfi, cuta na saurin kama shi. Dukkansu ukun masu ba manomi wahala ne.

Gonar inabi ta wancan zamani ba ta yi kama da layukan da ake gani a hotuna yau ba. Talakan Irpinia ba shi da filin da zai ware wa inabi shi kaɗai. Sai ya dasa kuranga biyu ko uku a gindin itace mai rai ko dogon turke, ya bar su su hau sama fiye da tsayin mutum, sannan ya ja rassan ta kowane ɓangare ya ɗaure su da na maƙwabciyar bishiya, su zama kamar rumfa. A ƙarƙashin rumfar yake shuka alkama, wake, dankalin turawa da kayan miya. Fili ɗaya, sama abin sayarwa, ƙasa abin ci. In lokacin yanka ya yi sai an sa tsani, iyali duka su fito, mata da yara na tara nonnan inabi a kwando. Kowane gida ya san kurangarsa ɗaya bayan ɗaya: wadda kaka ya dasa, wadda ke fara nuna, wadda ba ta jin fari. In za a yi sabon dashe, a jikin mafi kyawunsu ake yanko reshe. Ta haka irin ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu ba tare da wani ya rubuta komai ba.

Arzikin da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa kuwa, masifar wasu ce ta kawo shi. A shekarun 1860 wani ƙwaro ɗan mitsitsi, phylloxera, ya shigo Turai daga Amurka a jikin dashe. Saiwar kuranga yake tsotsa, ta kumbura ta ruɓe, cikin 'yan shekaru gona ta mutu a tsaye. A 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon na Montpellier ya gano shi, amma gano shi bai hana shi cinye yawancin gonakin Faransa ba. A 1879 aka gan shi a arewacin Italiya. Irpinia, da yake tana can cikin duwatsu kuma wasu gonakinta na da ƙasa mai rairayin toka da ƙwaron ba ya so, ta daɗe bai iso ta ba. Sai duniya ta juyo gare ta. A 1878 Angelo Mastroberardino ya yi wa sana'ar gidansu rajista a hukumance, sana'ar da zuriyar ta fara tun ƙarni na 18. A 1879 Francesco De Sanctis, ɗan yankin wanda ya yi ministan ilimi, ya sa aka kafa makarantar koyon noman inabi a Avellino. Ɗan Angelo, Michele, ya yi tafiye-tafiye har Amurka ta Kudu yana nema wa kayan gidansu kasuwa. Gidan na cikin 'yan ƙalilan da ke sa kayansu a kwalba da sunan garinsu, kuma har yau akwai kwalaben shekarun 1920 da 1930 a ɗakin ajiyarsu na ƙarƙashin ƙasa.

Daga nan al'amura suka juya. Zuwa shekarun 1930 ƙwaron ya iso Irpinia, a daidai lokacin da Faransa da arewacin Italiya suka riga suka farfaɗo, ba su da sauran buƙatar gangunan kudu. Maganin da aka samo shi ne a yi wa kuranga aure: a dasa gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya kashewa, a ɗaura masa reshen inabin Turai a sama. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma sai an jira shekara uku ko huɗu kafin a ga amfani. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. A watan Satumba na 1943 jiragen yaƙin ƙawance suka yi wa Avellino ruwan bama-bamai. Da ƙura ta lafa, matasa suka fara ficewa: wasu Turin da Milan, wasu Suwizalan da Jamus, wasu mahaƙar kwal ta Beljiyam, wasu suka haye teku zuwa Amurka da Ajantina da Benezuwela. Aka bar tsofaffi da mata da gonakin da suka mutu.

Waɗanda suka rage suna buƙatar abin da zai ba su kuɗi da wuri. Shawarar da ake ba manoma a wancan lokaci ita ce su bar tsofaffin iri su dasa Trebbiano da Sangiovese da Barbera, inabin tsakiya da arewacin Italiya, masu cika kwando. Bai kamata a zargi wanda ya bi shawarar ba. A kilo ake sayen inabi, kuma kilon Fiano da na Trebbiano kuɗinsu kusan ɗaya ne a wurin dillali, alhali gonar Trebbiano na ba da ninkin abin da ta Fiano ke bayarwa. Magidanci mai baki bakwai a gida ba zai zaɓi ƙamshi ya bar yawa ba. Cikin 'yan shekaru Fiano ya koma 'yan kurangogi nan da can a bayan gidaje, musamman a ƙauyen Lapio, inda mutane suka ci gaba da riƙe shi don amfanin gida da ranakun biki.

A wannan hali ragamar gidan Mastroberardino ta faɗo hannun 'ya'yan Michele uku, Angelo da Antonio da Walter. Antonio bai kai shekara ashirin ba lokacin da yaƙi ya ƙare, amma shi ne ya zama ƙashin bayan shawarar da ta sauya tarihin yankin. Lissafinsa mai sauƙi ne. In Irpinia ta dasa Sangiovese, za ta yi gasa da Tuscany a kan abin da Tuscany ta fi kowa iyawa. In ta bi yawa, filayen Puglia masu faɗi da zafi za su doke ta a araha, don noman kan tudu ba zai taɓa yin arahar noman fili ba. Abin da Irpinia ke da shi wanda babu mai iya ƙwace mata shi ne irin da ya saba da sanyinta da tokarta tun ɗaruruwan shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda ya bi da abin shi ne ya fi burge ni. Ya riƙa bin ƙauyuka yana neman kurangogin da suka tsira, yana zaɓar masu lafiya, ana yanko rassansu ana ɗaura su a kan gindin Amurka. Saiwa baƙuwa, amma 'ya'yan na gida. Sannan ya fahimci cewa wa'azi ba zai sa manomi ya riƙe irin da ke jawo masa asara ba. Don haka gidan ya riƙa sayen Fiano da Greco da Aglianico a kan farashin da ya fi na sauran inabi, shekara bayan shekara, har manomi ya tabbata cewa in ya dasa akwai mai saye. Kasuwanci ne, ba sadaka ba. Gidan na neman ribarsa. Amma riba ce da sai an yi haƙurin shekara ashirin kafin a gan ta, kuma a duk tsawon wannan lokaci kusan su kaɗai ne ke fitar da sunan Irpinia waje. Manoman ma sun ɗauki nasu kason na kasada, don wanda ya dasa kuranga ya ɗaure gonarsa na shekara talatin ko fiye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ba don tsofaffin Lapio da suka ƙi tumɓuke kurangoginsu ba, da Antonio bai sami abin da zai yanko ba.

A 1963 Italiya ta yi dokar da ke ɗaure sunan giyar inabi da wurin da aka noma ta, abin da suke taƙaitawa da DOC. A 1968 kaka ta yi kyau ƙwarai, gidan ya ware Aglianico na wurare uku, Montemarano da Castelfranci da Piano d'Angelo, ya sa kowanne a kwalbarsa dabam. Masana harkar har yau suna lissafa abin da aka samu a wannan shekara cikin mafi daraja da Italiya ta fitar a ƙarni na 20, kuma shi ya sa masu raina kudu suka fara sake tunani. A 1970 Taurasi da Greco di Tufo suka sami shaidar DOC, Fiano di Avellino ya biyo baya a 1978. Ma'anar wannan ga manomi babba ce. Dokar Taurasi ta yanzu ta ce dole aƙalla kashi 85 cikin ɗari ya zama Aglianico, daga ƙauyuka 17 da aka lissafa, kuma a ajiye shi shekara uku kafin a sayar. Greco di Tufo na ƙauyuka takwas ne, Fiano di Avellino na 26. Daga ranar, gonar da ke cikin waɗannan ƙauyuka ta sami darajar da ba za a iya ɗauka a kai wani wuri ba.

Sai ga wata jarrabawa. Ranar Lahadi 23 ga Nuwamba 1980, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na yamma, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.9 ta afka wa Irpinia. Garuruwa irin su Conza della Campania, Lioni, Teora da Sant'Angelo dei Lombardi suka rushe kusan gaba ɗaya. Mutum kusan 3,000 suka rasu, dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni a bakin hunturu. Wani sabon rukunin mutane ya sake barin yankin. A cikin shekarun da suka biyo baya kuma sabon yayi ya shigo Italiya, na dasa inabin Faransa, Cabernet Sauvignon da Merlot da Chardonnay, don su ne kasuwar Amurka da Ingila ta sani. Manyan gidaje da dama a Tuscany da Sicily suka bi, suka kuma sami kuɗi. A karo na biyu gidan Atripalda ya ƙi. Daga amfanin gonar 1986 suka fitar da sabon Taurasi mai suna Radici, wato saiwoyi, alamar cewa bayan girgizar ƙasa suna nan a kan irinsu. A 1993 Taurasi ya sami DOCG, mataki mafi girma a dokar ƙasar, shi ne na farko a duk kudancin Italiya. Fiano da Greco suka sami nasu a 2003.

Nasara ba ta hana gida rabuwa ba. A 1994 Antonio da Walter suka raba gado. Antonio ya riƙe sunan gida da tsohon ɗakin ajiya na Atripalda, Walter ya ɗauki gonaki ya kafa kamfaninsa, Terredora, a Montefusco. Abin lura shi ne ko ɗayansu bai sauya iri ba. Haka ma sababbin da suka shigo, irin su Feudi di San Gregorio da aka kafa a 1986, da ƙananan manoma masu yawa waɗanda iyayensu ke kai wa Mastroberardino inabi a kwando, yanzu kuma suna sa sunayensu a kwalba. Gidan ya rasa matsayinsa na mai kasuwa shi kaɗai, yankin kuwa ya sami masu tsaron irinsa da yawa. A ganina wannan ce babbar shaidar cewa aikin ya kama ƙasa.

A 1996 hukumar da ke kula da kufan Pompeii ta damƙa wa gidan wani aiki na musamman. Birnin ne da Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79 miladiyya. A shekarun 1960 wata Ba'amurkiya mai binciken kayan tarihi, Wilhelmina Jashemski, ta tona wani fili kusa da dandalin wasanni na birnin, wanda aka daɗe ana zaton kasuwar shanu ce. Da aka kwashe tokar a hankali, sai aka riƙa ganin ƙananan ramuka a jere. Saiwoyin da suka ruɓe ne suka bar gurbinsu. Ta sa aka zuba siminti a ciki, ya bushe, aka zaro siffar saiwar kuranga kamar jiya aka tumɓuke ta. Ramukan sun kai kusan 2,000, tsakanin kowanne da na kusa da shi taku huɗu na Romawa, wajen mita ɗaya da 'yan kai, kuma kusa da kowace kuranga akwai ramin turkenta. A gefe ga wurin matsa da manyan randunan da aka binne a ƙasa. A kan wannan tsari Antonio da ɗansa Piero suka sake dasa inabi a cikin kufan, da turakun katako da tazara irin ta dā. Suka zaɓi irin yankin, Piedirosso da Sciascinoso, daga baya suka ƙara Aglianico. Amfanin farko na 2001 bai kai kwalba 2,000 ba, aka sa masa suna Villa dei Misteri. Ba aikin riba ba ne. Hanya ce ta nuna wa duniya cewa noman inabin wannan ɓangare na kudancin Italiya na da tarihin shekara dubu biyu da za a iya taɓawa da hannu.

Waiwaye ba ya cika sai an faɗi abin da aka rasa. Gonar rumfa mai alkama da wake a ƙarƙashi ta kusa ƙarewa. Inabin yau a layi yake a kan waya, tsayin ƙugu zuwa kafaɗa, yadda tarakta za ta wuce. An ceci irin, amma salon rayuwar da ya rene shi ya tafi. 'Yan tsofaffin kurangogi ne suka rage a kewayen Taurasi, wasu sun haura shekara ɗari, masu kauri kamar bishiya, a kan saiwarsu ta asali da ƙwaro bai taɓa ba, kuma yanzu ana tattalinsu ana yanko rassansu don sabon dashe. Mahaƙar Tufo ta rufe. An dakatar da jirgin fasinja a tsohon layin dogon a 2010, sai na masu yawon buɗe ido jefi-jefi. Ƙauyuka da yawa har yau matasansu na tafiya. Inabi bai warkar da duk ciwon Irpinia ba, amma ya ba wasu dalilin zama, ya kuma ba wasu 'ya'yan masu ƙaura dalilin dawowa gonar kakansu.

Antonio Mastroberardino ya rasu a watan Janairun 2014, yana da shekara tamanin da 'yan kai, Piero ke riƙe da gidan. Shekara uku bayan rasuwarsa, ƙungiyar inabi ta duniya, OIV, ta fitar da ƙididdigar da ke cewa cikin nau'o'in inabi kusan 10,000 da aka sani, 13 kacal sun mamaye fiye da kashi ɗaya bisa uku na gonakin inabin duniya, 33 kuma sun cinye rabi. Haka kasuwa take yi wa kowane amfanin gona: ta zaɓi 'yan kaɗan masu yawan yabanya, sauran su ɓace ba tare da an yi jana'izarsu ba. Iri kuwa in ya ɓace, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Saboda haka nake kira ga manomanmu da masu sayen amfanin gona da malaman gona. Sabon iri mai saurin nuna alheri ne, a karɓe shi. Amma wanda ya gaji kaura ko farafara ko wani tsohon gero da wake daga mahaifinsa, ya ware masa kunya biyu ko uku kowace damina, ya san sunansa, ya koya wa 'ya'yansa. Mai kuɗin da ke son irin gida ya rayu kuma ya biya manomi farashin da zai sa ya ci gaba da shuka shi, domin abin da ya ceci Fiano ke nan.